Sakamakon gwajin lafiya ya fi ƙarfin Excel

A watan Oktoban 2020, hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila ta amsa cewa sakamakon mutum 15,841 da gwaji ya tabbatar suna da korona bai shiga ƙididdiga ba. Ɗakunan gwaji sun yi aikinsu. Matsalar tana ga tsohon tsarin fayil na Excel, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, duk abin da ya haura sai ya zube shiru. Kwanaki suka wuce ba a nemo waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar ba.

Masu nazarin ƙwayoyin gado ma sun ɗanɗana. Excel kan mayar da sunan SEPT2 ya koma 2 ga Satumba, har sai da aka sauya sunayen wasu ƙwayoyin a 2020.

Don haka duk cibiyar da ta zuba miliyoyi a na'urar gwaji, wajibi ne ta tanadi manhajar da ke adana ainihin sakamako, ta rubuta wanda ya taɓa shi, ta kuma yi gargaɗi idan adadin samfuran da suka shiga bai yi daidai da na waɗanda suka fito ba. Rigakafi ya fi magani.