Wace Wuƙa Za Ki Saya?



Wata uwargida daga Ɗanzomo ta aiko mini da takarda tana kuka da wuƙa. Ta ce cikin shekara guda wuƙa uku ta saya, duk 'yan kanti masu walƙiya, yanzu ba ko ɗaya mai moruwa. Ɗaya ta karye a gindin ƙota ranar layya tana tsakiyar raba haƙarƙari, saura kaɗan ta tafi da babban yatsanta. Ɗaya ta dakushe ta ƙi wasuwa. Ta ukun kuwa ƙotarta ce ta narke, da yara suka bar ta a bakin murhu. Tana tambaya wace iri za ta saya wadda za ta yi mata aikin gida, ta kuma yi wa 'ya'yanta aikin daji in sun tafi yankan kaba ko ciyawar awaki.

Maganarmu ta yau a kan wuƙa mai kube ce, watau wadda ba a naɗewa. 'Yar naɗi irin Okapi da maza ke sawa a aljihu, mu bar musu abinsu. Tana da amfaninta wajen fere rake da yanke igiya, amma duk wuƙar da ke da gaɓa a tsakiya, to, gaɓar nan ce lagonta, in aiki ya yi nauyi tana iya rufewa a kan yatsu.

In kin je kasuwar Maigatari ran Alhamis, ko kin aiki yaro, iri biyu za a fi shimfiɗa miki: ƙirar maƙeranmu ta baƙin ƙarfe, da 'yar kanti ta farin ƙarfe wadda a ke kawowa daga waje, yawanci daga ƙasar Sin. Akwai ta uku wadda 'yan makaranta ke gani a waya suna tambayata, ita ce wuƙar dajin Turawa. Wadda ta fi suna cikinsu ita ce Morakniv, da a ke ƙerawa a garin Mora na ƙasar Suwidin, inda aka kafa masana'antar wuƙa tun 1891. Turawa dai sukan bar gidajensu masu lantarki su tafi su kwana a daji don nishaɗi, abin da mu ba mu gane ba har yanzu, amma wannan sha'awa tasu ta sa sun yi nazarin wuƙa ƙwarai, kuma akwai abin da za mu ƙaru da shi.

Mu fara da ƙota, domin ita ce hannu ya ke fara gaisawa da ita, ita ce kuma mata ba su cika dubawa ba. Mace takan ɗauki wuƙa ta shafa kaifinta da yatsa, ta biya kuɗi. Kaifi kuwa abu ne da za ki iya sa wa wuƙa da kanki a bakin dutse. Ƙota in ta ƙi hannunki, kullum kina cikin bororo da kanta.

Ƙotar 'yar kanti roba ce mai sulɓi. Da hannu busasshe ba laifi. Amma bari kitsen rago ya taɓa ta, ko yauƙin kuɓewa, sai ki ji tana juyawa a tafinki kamar tarwaɗa. Babban aibinta ma a ɓoye ya ke. Kowace wuƙa tana da wutsiyar ƙarfe wadda ke shiga cikin ƙota, a nan ƙarfinta ya ke. A yawancin masu arahar nan, wutsiyar ba ta wuce gaɓar yatsa ɗaya ko biyu ba, wasu ma ƙusoshin da ki ke gani a jikin ƙotar ado ne kawai, ba su riƙe kome ba. Shi ya sa su ke karyewa a wuri guda, daidai inda ruwan wuƙa ya haɗu da ƙota, kuma daidai lokacin da ki ka danna da ƙarfi.

Maƙeri shi kuwa yakan yi ƙota da ice mai tauri, irin kirya ko marke. Yakan ja wutsiyar ta yi tsawo, ya gasa ta, ya cusa ta cikin icen, maƙerin kirki ma har ta ɓullo ta ƙarshe ya tanƙwashe bakinta. Juya wuƙar ki dubi gindin ƙotar. In kin ga kan ƙarfe ya leƙo, alama ce mai kyau. Ice kuma ba ya santsi da kitse kamar roba. Abin da zan ce a kan maƙeranmu shi ne, da hannun mahauta da makiyaya su ke auna ƙota, sai ka ce mata ba su yanka kome. Sau da yawa takan yi wa hannun mace kauri, balle na yarinya. Amma maganin wannan yana kusa: mai ƙirar yana zaune a gabanki. A ce masa ya rage ta, ya goge kusurwoyinta, har in kin damƙa yatsunki su kusa taɓa tudun babban yatsa. Wa za ki gaya wa haka a kanti?

A nan lalle in yaba wa Turawa. Ƙotar Morakniv roba ce ita ma, amma an lulluɓe ta da wata roba mai taushi wadda ba ta zamewa ko da jiƙaƙƙen hannu, tana da ɗan ciki a tsakiya da ke cika tafi, da ɗan tudu a gaba mai tare yatsa kada ya zarce kan kaifi. Wutsiyarta ta wuce rabin ƙota. Wajen daɗin riƙo ta fi sauran biyun, ba gardama. Ɗan tudun nan kuwa abin koyi ne, ba abin da zai hana maƙeri ya bar irinsa in ya zo sassaƙa ƙota.

To, sai ƙarfe. A da, kakanninmu tama su ke narkawa su fid da ƙarfe. Da layin dogo ya ratsa Gagarawa ya kai Nguru a 1930, motoci kuma suka yawaita, sai maƙera suka koma ga tsofaffin ƙarafa, aka bar wahalar tama. Cikin ƙarafan nan ba duka ke yin wuƙa ba, wannan ita ce maganar da na ke so ku riƙe. Sifirin ɗin mota shi ne na gaba. Akwai sinadarin gawayi a cikinsa, wajen kashi 6 cikin 1000, wannan ɗan kaɗan ɗin shi ke sa in an gasa ƙarfen ya yi ja aka tsoma shi cikin ruwa ko baƙin mai, ya yi tauri ya riƙe kaifi. Bayan nan gwani yakan sake ɗumama shi kaɗan don kada taurin ya yi yawa ya riƙa ɓantarewa. Amma ƙarfen ganga da makamantansa ba su da isasshen sinadarin nan, ko an tsoma su sau goma ba za su yi tauri ba. Wuƙar da aka yi da su baƙa ce ita ma, a ido ba ki bambanta su. Saboda haka ba kowace ƙirar gida ce abin yabo ba.

Ga yadda za ki gane. Tambayi maƙerin da wane ƙarfe ya yi ta, kai tsaye. Sa'an nan ki dafa tsininta a kan ice ki ɗan lanƙwasa ta kaɗan. Ta sifirin za ta koma ta miƙe sak, ta ganga kuwa sai ta zauna a karkace. In akwai magagari kusa, a ɗan goga a bakinta: in ya ci ta kamar sabulu, ajiye ta. Daga nan ki fere busasshen kara ko ɗan reshe da ita sau goma, ki sake duba kaifin. Mai kaya na kirki ba ya jin haushin gwaji.

Farin ƙarfe shi kuma wani Bature ne, Harry Brearley, ya gano shi a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Ana gauraya ƙarfe da wani ma'adini, kuromiyam, fiye da kashi 10 cikin 100, shi ke hana tsatsa. Ba mugun ƙarfe ba ne, akwai masu kyau ƙwarai a cikinsa, sai dai ba su ne a ke zubawa a faranti a kasuwa ba. Masu arahar daga siririn falle a ke datso su, ba su da tauri, in kin wasa sai bakin ya naɗe maimakon ya yi kaifi. Duk da haka kada ki raina 'yar kanti a inda ta dace. Baƙin ƙarfe ba ya shiri da tsami. Yanka lemon tsami da shi, ko tumatir, ko mangwaro, sai ki ga ya yi baƙi, albasa ma takan canza launi ta ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Nan wurin 'yar kanti ne. Amma jijiya da guringuntsi, da kabewa, da rogo, da kaba, wannan aikin baƙin ƙarfe ne.

Wuƙar Turawan fa? Ruwanta gajere ne, wajen santimita 10, kaurinsa milimita 2 ko fiye kaɗan, ana yin ta da baƙin ƙarfe ana kuma yi da fari mai kyau. An feƙe bakinta da faɗi ta yadda in za a wasa sai a kwantar da feƙin a kan dutse kawai, ko yarinya za ta iya. Wajen sassaƙa ba ta da na biyu: ki gyara muciya, ki fere maburgi, ki kankare ƙwarya. Amma don icen daji aka yi ta. In an zo yanyana nama ya yi falle-falle don kilishi, ko raba cinyar sa, gajartarta sai ta gajishe ki.

Akwai kuma wuƙar damtse da za ki gani wurin Buzaye da makiyayan da ke shigowa daga Nijar, mai kube da ado har ki ji kamar ki saya don kallo. Kada adon ya ja ki. Baki biyu gare ta, babu bayan da za ki ɗora babban yatsa ki danna. Ba don madafa aka yi ta ba.

Zancen kuɗi kuwa, Hausawa sun riga sun gama shi da suka ce araha ba ta ado. Kada ki auna wuƙa da abin da ki ka biya ran kasuwa, auna ta da damina nawa za ta yi a hannunki. Wuƙa uku cikin shekara, a shekara biyar goma sha biyar ke nan, ban da kuɗin ɗinkin yatsa. Ta sifirin in ƙotarta ta tsage maƙeri ya sa wata, in ta yi giɓi ya gyara bakin, har sai ta sirance kamar tsinke kafin a ce ta ƙare. Turawa suna kiran Morakniv mai araha, gaskiya ne a aljihunsu. Amma kafin a canza naira zuwa dala, a biya kuɗin kawowa, ta haɗiye kuɗin wuƙaƙen maƙeri masu yawa, ga jabu da ke yawo a intanet, in kuma ƙotarta ta lalace ba maƙerar da za a kai ta. Wadda ɗanta ko ƙaninta ya kawo mata tsaraba, ta gode ta yi amfani da ita. Amma ban ga dalilin da zai sa uwargida ta taɓa kuɗin adashinta dominta ba.

Shawarata ita ce wuƙa biyu. Babba ta sifirin, ruwanta kamar taƙi guda ko ƙasa kaɗan, baki ɗaya, da kube ɗinkin baduku wanda ya kama ta sosai, in an kife ba ta zubowa. Sai ƙaramar 'yar kanti don kayan miya, a hana ta ƙashi.

Baƙin ƙarfe yana son kulawa. In kin gama aiki ki wanke, ki goge ta bushe, ki shafa mata ɗigon man gyaɗa. Kada ki mai da ita kube da danshi, musamman da damina, don fata tana riƙe laima, kwana biyu sai tsatsa. Launin toka-toka da ta kan yi da daɗewa ba tsatsa ba ne, bar shi, yana ma kare ta. A wasa ta a dutse da ruwa. In kuwa an kai wa masu inji, a ja musu kunne su riƙa tsoma ta a ruwa, domin da zarar bakin ya yi zafi har ya yi shuɗi, taurin da maƙeri ya sa ya tafi.

Ku 'yan makaranta, in za ku fere abu ku tura wuƙa waje, ba wajen cikinku ko cinya ba. In za ku miƙa wa wani, ƙota a ke miƙawa. Kada a jefa tsirarar wuƙa cikin kwando a ɗora ciyawa a kai, wadda za ta sauke kayan ba ta san da ita ba. In kuwa tsautsayi ya faɗa, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya. Kada a zuba ƙasa ko toka. Ciwon nan mai sarƙe haƙora ya sandarar da jiki, mutane sukan ce tsatsa ke kawo shi, alhali ƙwayarsa a cikin ƙasa da kashin dabbobi ta ke, wuƙar da ta yanki ciyawa a garke kuwa ta taɓa duka biyun. In yankan ya yi zurfi a tafi asibiti a ranar, a tambayi allurar rigakafinsa.

Wadda ke son wuƙa don layya ta ba da aikin tun cikin watan Shawwal ko Zulƙida. Makon sallah maƙera cike ta ke, kowa na jiran tasa, a lokacin ne a ke tsoma ƙarfe da gaggawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda a ke adana soyayyen naman sallah ya kai wata biyu bai yi fumfuna ba.