Ranar Ingila da Ƙasusuwan 'Ya'yanmu



Kwanan baya na je Birmingham gai da wani ɗan'uwa da ke zaune a unguwar Small Heath, kusa da titin Coventry Road, inda kantunan 'yan Pakistan da na Somaliya da na Yaman su ke jere. Na tarar da ɗansa ya kai wata 20 da haihuwa, amma bai fara tafiya ba. Yaron ga wayo, ga fara'a, sai dai in an tsai da shi ya fashe da kuka ya zauna. Uwarsa ta ce mini, "Malam, nauyin jiki ne kawai, in lokacinsa ya yi zai tashi." Da aka kai shi ga likita aka ɗibi jininsa, sai ga shi ciwon laushin ƙashi ne, wanda likitoci ke kira riket.

Shi ƙashin jariri da taushinsa a ke haihuwarsa, sa'an nan jiki ya riƙa cusa masa wani sinadari mai suna kalshiyam, dangin alli, har ya yi ƙarfi. To, hanji ba ya iya tsotsar kalshiyam sosai daga abinci sai da taimakon bitamin D. Shi kuwa bitamin ɗin nan, yawancinsa fatar mutum ce ke yinsa sa'ad da hasken rana ya buge ta. In ya yi ƙaranci sai ƙashi ya girma babu ƙwari: maɗiga ta yi jinkirin rufewa, haƙora su makara, wuyan hannu ya yi kauri, ƙafafu su lanƙwashe kamar baka ko su yi gwame. A wajen jarirai ƙanana abin ya kan kai ga sandarewa da jijjiga, wani lokaci har ya raunana zuciya. Akwai kuma hasarar da ba a gani a ƙafa. Yaro da rarrafe da tafiya ya ke sanin duniya; ya je ya taɓa, ya ja, ya faɗi, ya sake tashi. Wanda ciwo ya zaunar wuri ɗaya wata da watanni an rage masa makarantarsa ta fari.

Turawa sun riga mu shan wannan wahala. A zamanin da masaƙun Manchesta ke saƙa akokon da a ke kai wa kasuwanninmu, hayaƙin gawayi ya kan rufe sama, 'ya'yan ma'aikata kuwa suna girma cikin lunguna masu duhu, har a ƙasashen Turai a kan kira ciwon da sunan ciwon Ingila. Sai a 1919 Edward Mellanby ya gwada da 'yan kwikwiyo ya nuna man hantar kifi yana warkar da shi, a shekarar nan kuma wani likita a Balin, Kurt Huldschinsky, ya warkar da yara da hasken wata irin fitila. Da aka riƙa ba yara man kifi da madara, ciwon ya yi sauƙi ƙwarai, har sai da ya sake ɗagowa a cikin 'ya'yan baƙin da su ka zo daga ƙasashe masu zafi.

Dalili kuwa a fili ya ke. Daga watan Oktoba zuwa Maris ranar Ingila ba ta da ƙarfin da za ta sa fata ta yi bitamin D, ko da Bature ne. Baƙar fata, wadda ke kare mu daga ƙunar rana a Katsina ko Maraɗi, tana bukatar lokaci mai tsawo kafin ta yi abin da farar fata za ta yi cikin ɗan lokaci. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki. Ga sanyi da ke sa a naɗe yaro tun daga kai har ƙafa. In uwa ta yi goyon ciki da ƙarancin bitamin ɗin, da ƙarancinsa za ta haifi jaririn. Nonon uwa kuwa, duk da babu abincin da ya kai shi, bitamin D ɗinsa kaɗan ne.

Abin da hukumar lafiya ta tsakiyar Birmingham ta yi shi ne ya fi burge ni. Tun daga 2005 ta fara ba da bitamin kyauta ga mata masu ciki da masu goyo da ƙananan yara, kowa da kowa, ba tare da an tambayi mutum abin da ya ke samu ba. A 2012 Dokta Robert Moy da abokan aikinsa su ka buga sakamakon: yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ciwon ya bayyana gare su sun ragu daga 120 zuwa 49 cikin kowane 100,000, ko da ya ke kashi 17 cikin 100 ne kaɗai su ka karɓi maganin. A ganina hikimar tana wajen rabawa ga kowa. Mun san halin mutanenmu. Abin da aka ce na matalauta ne, mai gida ba zai aiki matarsa ta karɓo ba, ko da yana bukata. Waɗansu za su ce ɓarnar kuɗi ce a ba wanda ke da halin saya. Ni dai na ce 'yan ɗigon nan ba su kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Kada masu saurarenmu na gida su ce mu da rana ta ishe mu babu ruwanmu. A Jos, Dokta Tom Thacher da abokansa sun gwada magani a kan yara 123 masu wannan ciwo, su ka buga a 1999 cewa waɗanda aka ba kalshiyam sun fi warkewa bisa waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Watau can rana ta wadata, kalshiyam ne babu. Yaron da aka yaye aka bar shi da koko da tuwo zalla ƙashinsa na cikin yunwa, ko da cikinsa a cike ya ke. Nono da kindirmo, da ƙananan kifin da a ke dakawa da ƙayarsu, da miyar kuka, su ne abokansa.

Ga iyayen da ke nan Ingila, shawarar hukumar lafiya ita ce a riƙa ɗiga wa jaririn da ke shan nonon uwa maikirogiram 8.5 zuwa 10 na bitamin D kullum tun daga haihuwa, yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 kuwa maikirogiram 10. 'Yar lanƙwasar ƙafa ga mai koyon tafiya ba abin tsoro ba ce, ta kan miƙe da kanta. Amma yaron da ya kai wata 18 bai taka ba, ko ƙafarsa na ƙara lanƙwashewa bayan ya shekara 2, a kai shi likita ya gani, kada a tsaya jiran lokacinsa.