Talla a tasha ba laifi, hular kwano ce abin kunya?

Bana ma an kuma. Wata yarinya a nan Sabo, wadda kowa ya san ta da ƙoƙari tun tana Islamiyya, ta samu gurbin karatun injiniyan gine-gine a Foli ta Ibadan, ga ta nan Sango, mota ɗaya daga Mokola. Takardar tana ƙarƙashin katifa har yau. Ba kuɗi ne suka gagara ba. Taron dangi aka yi, wani kawu ya ce, "Mace da hular kwano a tsakiyar leburori? Ba dai a gidanmu ba." Shi ke nan, magana ta mutu. Ba za mu kama suna ba, don laifin ba na gida ɗaya ba ne, namu ne duka.

To, a zo a yi ta a fili. An ce gudun cuɗanya da maza ake yi. Madalla. Amma 'ya'yan wa ke yawo da farantin gyaɗa da kwanon abinci a tasha da bakin kasuwa tun safe har bayan magariba? A can mata ne zalla? 'Yar shekara goma sha biyu tana kutsawa cikin direbobi da 'yan kamasho, ba wanda ya kira taron dangi. Sai mai shekara ashirin, mai hankalinta, za ta tsaya da takardar zane a hannu tana ba birkila umarni, sannan kunyarmu ke tashi. Haba jama'a! Ashe ba cuɗanyar ce ke damun mu ba, mace ta ba namiji umarni ne ba mu so.

Maƙwabtanmu sun daɗe da wuce nan. Funke Opeke a garin nan ta tashi. Ta karanta injiniyancin lantarki a Ife, ta ƙaro karatu a Amurka, ta dawo ta kafa kamfanin MainOne, wanda ya shimfiɗo wayar intanet ta ƙarƙashin teku, kilomita 7,000 daga Portugal zuwa Legas, ta fara aiki a 2010. Da aka tashi sayar da kamfanin, dala miliyan 320 kamfanin Equinix ya biya. 'Yan canjinmu sai su buga mana lissafin a naira.

Ba kuma wai hanyar ta zo musu da sauƙi ba ne. Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, NSE, an kafa ta a 1958, amma sai a 2024 mace ta fara shugabantar ta, wato Margaret Oguntala. Shekara 66 ke nan. Tun 1982 Joanna Maduka da 'yan'uwanta suka ga ba sarki sai Allah, suka kafa ƙungiyar mata injiniyoyi ta APWEN don su riƙe hannun juna. Duk macen da ke wannan aiki za ta ba ka labari: leburan da ke jin umarninta sai ya waiwaya ya nemi "oga", ɗan kwangilar da ya ɗauka sakatariya ce, filin aikin da babu ko ban-ɗakin mata, mai kamfanin da ke tambayar yaushe za ta haihu kafin ya duba takardunta, ga masu ɗan hali da ke neman wuce gona da iri. Wannan duk gaskiya ne, kuma uban da ya ji tsoronsa bai yi laifi ba. Sai dai Yarabawa da Inyamurai ba su ce tunda haka ne 'ya'yansu su zauna a gida ba. Yawa suka yi a wurin har aka fara shakkar su.

Sannan mu daina ɗauka injiniya shi ne mai kwaɓa siminti. Mai lissafin kaurin rodin da zai ɗauki bene, mai zana magudanar ruwa a kwamfuta, mai auna nauyin da taransifoma za ta iya ɗauka, yawancin aikinsu a kan tebur yake. Hular kwano kuwa tana zama daram a kan hijabi, mun gani da idonmu a kan 'yan matan Yarabawa Musulmi.

Mu da muke zaune a garin da ruwan Ogunpa ya yi ɓarna a 1980, aka sake ganin wata ambaliyar a watan Agustan 2011, mu ne za a koya wa amfanin mai sanin kwalbati? Taransifomarmu ta ƙone, mu yi karo-karo mu jira wani. Za mu ɗora bene, mu je mu biya wata "madam" ta sa hannu a zane, muna "Yes ma" har da rusunawa. 'Yar wani ta isa, tamu ce ba ta isa ba. Kakanninmu da goro da shanu suka kafa unguwar nan. Mu ba gona gare mu a Kurmi ba, kasuwar kuma kowa ya ga yadda take tsukewa. Me za mu bar wa yaran?

Maganar aure ma a taɓa ta, tunda ita ce a zuciyar iyaye mata. Digirin shekara biyar ne, ga bautar ƙasa. Da tsawo, ba musu. Amma wa ya ce sai an zaɓi ɗaya? Yadda ake zama a yanke sadaki, haka za a zauna a ce wa manemi karatunta sharaɗi ne, a gaban shaidu. Wanda ya ƙi, ya nuna halinsa tun da wuri.

Inda ɓarnar ta fi yawa ma ba a ƙofar jami'a ba ne, a aji huɗu na sakandare ne. Nan ake cewa, "Ke mace ce, bar ajin kimiyyar nan, zai wahalar da ke." Yarinyar da ba ta yi lissafi da fiziks da kemistiri ba, JAMB ba za ta ba ta injiniyanci ba ko da kawunta ya sauko daga baya. Don haka muna kira ga kwamitin unguwa da malaman Islamiyyunmu: a taron wata mai zuwa a kawo sunayen 'yan matanmu da ke shirin shiga aji huɗu, a nemo musu mai darasin lissafi na yamma daga asusun da muke tarawa. A kuma tashi dattawa uku su je gidan su yarinyar nan su zauna da kawunta kafin a rufe rajista.