Kallon duniya daga wata

Tsakanin duniya da wata akwai kilomita wajen dubu 384. Kullum fuska ɗaya wata yake nuna wa duniya. Saboda haka na'urar da aka girka a wannan fuska tana ganin duniya dare da rana, kusan a wuri guda cikin sama. Duniya tana ta juyawa a gabanta: Afirka ta wuce, Amurka ta zo, sannan Asiya.

An riga an gwada abin. A watan Afirilu na 1972, ƴan sama jannatin Apollo 16 suka kafa na'urar ɗaukar hoto bisa wata. George Carruthers, wani masani baƙar fata ɗan Amurka, shi ya ƙera ta. Ta ɗauki hoton siririyar iskar da ta lulluɓe duniya can sama, wadda ido ba ya gani. Suka komo da hotunan, na'urar kuwa tana can har yau. A 2013 kumbon ƙasar Sin, Chang'e 3, ya sauka da tasa na'urar.

Wasu suna cewa ɓarnar kuɗi ce. Ba su rasa hujja ba. A wata, rana tana yin kwana 14 ba ta faɗi ba, da zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa. Dare ma kwana 14 ne, da sanyi mai kashe na'ura. Ga ƙura. In kuma don neman hadari ne, taurarin Meteosat sun fi kusa, kilomita dubu 36 kaɗai. Da hotunansu cibiyar Agrhymet ta Yamai take bin sawun damana.

Amma mai son ganin rumbu dukansa, sai ya ja da baya. Meteosat gefe ɗaya yake kallo kullum. Daga wata, na'ura guda tana iya auna zafin ranar da duniya take mayarwa sama, nahiya bayan nahiya. Yanzu da zafi yake ƙaruwa, wannan awo ya cancanci kuɗinsa.

Sai dai akwai sharaɗi. Yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu a 1967 ta ce wata ba mallakar wata ƙasa ba ne. To, na'urar da ke can tana ganin gonar kowa, har ta wanda ba shi da kumbo. Ya kamata abin da ta auna ya iso Yamai ran da ya isa Washington da Beijing.