DAGA BAKIN ALLO: Wanda Ba Shi Da Kowa Sai Kotu



Kwanan baya yaran makarantarmu suka yi wasan ƙwallo, 'yan aji biyar da 'yan aji shida, ni ne alƙalin wasa. Da na hura bugun fenareti, sai ɓangaren da abin bai yi wa daɗi ba suka yanyame ni, wai an saye ni. Bayan minti goma na hura wa ɗaya ɓangaren, nan take waɗanda suka gama yabona suka koma zagi. Da muka shiga aji na tambaye su ina suka koyi wannan hali. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai haka manya suke yi a rediyo." Ban iya ce masa komai ba, domin gaskiya ya faɗa.

Ɗan siyasa in ya ci shari'a, kotu ce gatan talaka. In ya faɗi, alƙalai 'yan amshin shata ne. Wannan cuta kuwa ba yau ta fara ba a ƙasarmu Gana, kuma babu jam'iyyar da za ta ce hannunta a wanke yake.

Mu fara da abin da ya taɓa mu kai tsaye. A 1957, shekarar da aka sami mulkin kai, gwamnati ta ba da umurnin korar manyan zangon Kumasi guda biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan. Suka garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, ba a korar mutum daga ƙasarsa. Shari'a tana gaban alƙali, sai majalisa ta kafa doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, aka rufe maganar, aka tasa ƙeyarsu zuwa Nijeriya. Ko suna da gaskiya ko ba su da ita, ba a bar alƙali ya faɗa ba.

A watan Disamba na 1963, kotu ta musamman ta sallami Tawia Adamafio da Ako Adjei da Cofie Crabbe, waɗanda aka tuhuma bayan harin bam na Kulungugu. Ba a kwana uku ba Shugaba Nkrumah ya tuɓe Babban Joji, Sir Arku Korsah, aka soke hukuncin, aka sake shari'ar. A 1970 kuma, bayan gwamnatin Dokta Busia ta sallami ma'aikata 568, ɗaya daga cikinsu mai suna Sallah ya kai ƙara ya yi nasara. Firayim Minista da kansa ya fito a rediyo ya nuna cewa babu kotun da za ta tilasta wa gwamnati ta mai da wanda ta kora. Ku duba fa, wanda ya sha suka a kan Nkrumah shi ne ya hau kujera ya yi irin nasa. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Mafi muni shi ne daren 30 ga Yuni, 1982. Cikin dokar hana fita, aka bi gida-gida aka ɗauke alƙalan babbar kotu uku: Mai Shari'a Cecilia Koranteng-Addow, wadda take da goyo a lokacin, da Mai Shari'a Fred Poku Sarkodee, da Mai Shari'a Kwadwo Agyei Agyepong, tare da wani tsohon soja, Manjo Sam Acquah. Aka harbe su a filin atisayen soja na Bundase, aka cinna wa gawarwakin wuta. Dukkan alƙalan nan sun taɓa yanke hukuncin da ya warware abin da kotunan soja na 1979 suka ɗaure. Shi ya sa kowace shekara ƙungiyar lauyoyi da alƙalai suke tunawa da wannan rana, kuma gumakan su ukun suna nan tsaye a harabar Kotun Ƙoli a Ankara.

Wani zai ce ai wannan zamanin soja ne, ya wuce. To a 2016, ana jajiberin wannan rana ta juyayi, wasu mutane suka shiga gidan rediyo suka yi wa alƙalan Kotun Ƙoli barazanar kisa. Kotu ta ɗaure mutum uku wata huɗu, amma bayan wata ɗaya shugaban ƙasa ya yi musu sassauci suka fito. A 2025 kuma aka dakatar da Babbar Joji Gertrude Torkornoo a watan Afrilu, aka sauke ta a watan Satumba bayan rahoton kwamitin bincike. Wasu suka ce an bi sashe na 146 na tsarin mulkin 1992 sau da ƙafa, wasu suka ce siyasa ce. Abin da ya dame ni shi ne, in ka san jam'iyyar mutum, to ka san ra'ayinsa a kan maganar tun kafin ya buɗe baki.

Ba ina cewa alƙalai mala'iku ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk mun tuna 2015, lokacin da ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya nuna alƙalai suna karɓar kuɗi, har da akuya, aka kuma kori da yawa daga cikinsu. Amma ku lura da yadda aka yi: an kawo hujja, an yi bincike, an hukunta mai laifi shi kaɗai. Wanda hukunci bai gamsar da shi ba, ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take. Sukar hukunci daban, tsoratar da mai hukunci daban.

Kuma mun ga yadda ake yi in ana son zaman lafiya. A watan Agusta na 2013, Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar zaɓen da Nana Akufo-Addo ya shigar. Ya ce bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓa. Washegari kowa ya buɗe shagonsa.

Me ya shafe mu? Mu 'yan zango ba mu da yawan da za mu juya majalisa. Ranar da aka ce filin gidanka ba naka ba ne, ko aka ce sunan kakanka bai yi kama da na ɗan ƙasa ba, babu inda za ka dosa sai gaban alƙali. In ka tarar da shi yana rawar jiki don tsoron mai mulki, to wa zai cece ka? Mai kuɗi yana da lauya da ɗan'uwa a sama, kai fa?

Saboda haka ina roƙon matasanmu, kada wani ya ba ku 'yan sidi da riga mai hoto ku je ƙofar kotu kuna ihu, ko ku ɗauki waya kuna zagin alƙali. Wanda ya aike ku, gobe in ya faɗi zaɓe, wannan kotun zai ruga. Malamanmu da sarakunan zango su ma su riƙa ja mana kunne tun kafin guguwar zaɓe ta taso.

Allah ya ba mu alƙalai masu tsoronsa, ya ba mu shugabanni masu jin magana in an ce musu sun yi kuskure. Sai wani watan, in Allah ya kai mu.