Kafin ƙungiya ta sayi kyamara, a gwada ta a kan shirwa

A zangon da ya wuce, abokaina uku na sashen lantarki suka haɗa ƙaramin jirgi mai rimot a matsayin furojet ɗinsu na kammala difloma. Wata huɗu suna fama, har kuɗin abincinsu ya tafi a mota da batir. Ranar gwaji suka ce ni zan ɗauki bidiyo, tunda wayata aka fi yabo a hostal. Jirgi ya tashi a filin ƙwallo, ya yi kamar minti uku a sama, sai iska ta kwashe shi ya daki ƙasa, fiffike ɗaya ya karye. Muka ce ba komai, ai akwai bidiyo. Da muka duba, wallahi ba ka bambance jirgin da shirwa. Baƙin ɗigo ne kawai yana rawa a farin sama. Ga shi saura kwana tara su tsaya gaban malamai.

Na kawo wannan ne don na ji ƙungiyarmu na shirin sayen kyamarar da ɗalibai za su riƙa aro, kuma kowa GoPro yake kira, ko ya ce "mai 4K". Ni dai ra'ayina, a sayi irin wadda masu ɗaukar biki ke riƙewa, mai zum na gilashi.

Zum ɗin yawancin wayoyinmu yanko hoton yake yi ya buɗa shi, shi ya sa yake dusashewa. GoPro kuma gilashinta mai faɗi ne, an yi ta ne don a ɗaura a hular kwano ko a kan keke, ba ta jawo abu daga nesa. Amma ƙananan kyamarorin bidiyo na Sony, Panasonic da Canon da yawa suna jawowa ninki 20 zuwa 30 da gilashi, hoto bai lalace ba.

Na biyu, saurin ɗauka. Hoto 50 ko 60 a daƙiƙa a kan 1080 ya fi mana amfani a kan 4K mai hoto 30. Idan ka rage gudun bidiyon, za ka ga fiffiken da ya fara karkata kafin faɗuwa, wanda shi ne abin da malami zai tambaya. Kuma 4K na cinye memori, ga kwamfutocinmu da kyar suke buɗe shi.

Na uku, a tabbatar ana iya saita fokas da haske da hannu. Sama ta fi jirgi haske, sai kyamara ta rage hasken ta mai da shi baƙi ƙirin. Fokas mai sarrafa kansa kuwa yawo yake yi idan bai ga abin kamawa ba, balle a hazon hunturu. In da hali, a samu mai ɗan ramin leƙawa da ido, don a ranar azahar ba abin da za ka gani a sikirin.

Masu son GoPro suna da hujja: ana iya ɗora ta a kan jirgin. To amma nauyinta ya kai wajen giram 150, ya isa ya ɓata daidaiton ƙaramin jirgi, girgizar mota kuma kan sa hoto ya yi ta lanƙwasa. Sannan ƙasa za ta nuna maka, alhali jirgin ake son gani. In ya faɗo, da kyamarar ƙungiya zai faɗo.

Abokaina sun liƙe fiffiken da gam, suka yi karo-karo suka ɗauko mai ɗaukar biki, aka sake gwaji, suka tsira. Ba kowa ne zai iya wannan kuɗin ba. Ni na kusa tafiya, 'yan aji ɗaya ne za su ci moriyar abin da aka saya ko su sha wahalarsa. Don haka ina roƙon shugabanninmu: kafin ku biya, sabuwa ce ko gwanjo, ku fita da ita fili da rana, ku bi shirwa na minti ɗaya. In kun ga gashin fiffikenta, ku biya.