Kiwon Lafiya: Koko Kaɗai Ba Ya Riƙe Majinyaci

A Azare, da Madara, da sauran garuruwan ƙasar Katagum, idan zazzaɓi ya kwantar da mutum, abin da masu jinya suka saba kai masa shi ne koko ko kunu, wai cikinsa ba zai ɗauki abu mai nauyi ba. Nufin dai alheri ne, amma binciken likitoci ya nuna cewa akwai gyara.

Sa'ad da ƙwayoyin cuta suka bazu a jiki har gaɓoɓi suka fara gazawa, wato abin da likitoci ke kira sefsis, jiki yakan shiga yaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo ya kashe mutum wajen miliyan 11 a 2017. Cikin kayan yaƙin akwai wasu tubalan gina jiki guda biyu masu ɗauke da farar wuta, metiyonin da sisteyin. Hanta tana juya na farkon ya zama na biyun, da shi kuma take haɗa gulutatayon, sinadarin da ke kare jiki daga ɓarnar kumburi. A lokacin ciwo bukatarsu takan ƙaru. In ba su zo ta abinci ba, sai jiki ya riƙa narka tsokarsa don ya same su. Yana daga cikin dalilan da ke sa ƙato ya rame cikin 'yan kwanaki.

Abin ya fi tsanani ga yara masu tamowa mai kumburi. Wani bincike da aka buga a 2002 daga Jamaika ya nuna cewa waɗanda aka ƙara wa sisteyin, kumburinsu ya fi saurin saɓewa.

To, ina ake samun tubalan nan? Ƙwai da kifi da nama da nono su ne kan gaba, sai riɗi. Gero yana da nasa, amma koko mai ruwa-ruwa nawa ne geron cikinsa? Wake kuwa nasa kaɗan ne, gara a haɗa shi da hatsi. Abin takaici, har yau akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai, wai kada ya tashi ɓarawo.

Sai dai fa abinci ba ya kashe ƙwayar cuta. Majinyacin da numfashinsa ya yi sauri, fitsarinsa ya ragu, ko hankalinsa ya fara gushewa, a garzaya da shi asibitin tarayya na Azare ko mafi kusa. Ƙwan sai ya biyo baya a cikin kwano, in likita ya ba da izini.